Shin Kwaikwayon Abin da Wani Ya Ƙirƙira Sata Ne? Abin da Doka Ta Tanada

A rumfunan masu walda na Kurfi da Dutsin-Ma akwai ƙorafin da ba ya tsufa, kuma shi ake ji a Panteka ta Kaduna da duk inda ake ƙera injuna da hannu. Mutum zai kwashe watanni yana gyara tsarin injin casar dawa ko na ɓarar gyaɗa, ya sauya girman rariya, ya matsar da fanka, ya lalata ƙarfe mai yawa kafin abin ya zauna daidai. Kafin kaka ta zagayo sai ga irinsa sak a rumfar da ke kallon tasa, a farashin da bai kai nasa ba. Maganar farko da ke fita daga bakinsa ita ce an sace masa fasaha. Daga nan jama'a su rabu biyu: masu cewa a kai maganar ofishin 'yan sanda, da masu cewa ilimi na Allah ne, ba wanda ya isa ya yi masa shinge.

Duka ɓangarorin biyu sun kauce wa abin da doka ta ce. A Nijeriya, wanda ya kwaikwayi abin da wani ya ƙirƙira kuma ya yi masa rajista bai yi sata ba, a ma'anar da kotu ta san sata. Ba a kama shi, ba a ɗaure shi a kan haka. Amma ya keta haƙƙi, kuma keta haƙƙin nan yana iya jawo masa asarar da za ta rufe masa sana'a. Idan kuwa ba a yi rajista ba, wanda shi ne halin mafi yawan abin da ake ƙerawa a garuruwanmu, to galibi babu ma haƙƙin da doka za ta ce an keta.

Haƙƙoƙi huɗu da ake cakuɗawa

"Satar fasaha" da ta yi tashe a bakin 'yan fim da mawaƙa da marubuta ita ake jefa wa kowane irin kwaikwayo, alhali doka ta raba abin gida huɗu, kowanne da hukuncinsa.

Akwai haƙƙin mawallafi, wanda ke kare littafi da waƙa da fim. Ba ya buƙatar rajista, da an rubuta ko an naɗa ya tabbata, kuma dokarsa ta 2022 ta tanadi tara da ɗauri ga mai gurza kayan wani yana sayarwa. Akwai tambarin kasuwanci, wato suna ko alamar da ke gaya wa mai saye daga ina kaya suka fito. Wanda ya liƙa tambarin wani a kayansa jabu ya yi, kuma hukuma na kamawa a kai. Akwai zanen sura, wato fasalin waje na abu, kamar zanen atamfa ko ƙirar kwalba, wanda ake yi wa rajistar shekara 5, a sabunta sau biyu ya kai 15.

Na huɗu shi ne batunmu: takardar ƙirƙira, wadda ake kira patent da Turanci, brevet kuma a Nijar. Gwamnati ke ba da ita ga wanda ya zo da sabuwar dabara ta aiki, na'ura ce, ko magani, ko hanyar sarrafa wani abu. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da al'umma. Shi zai bayyana sirrin abin dalla-dalla a rubuce, yadda duk masanin fannin zai iya haɗa shi, ita kuma gwamnati ta ba shi ikon hana kowa cin kasuwa da shi har shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda. Bayan nan ya zama na kowa. Tsarin ya daɗe: birnin Venis na Italiya ya kafa irin wannan doka a 1474 da wa'adin shekara 10, Ingila ta yi tata a 1624 da shekara 14. Tun asali abin da ake bayarwa ikon hanawa ne na ɗan lokaci, saɓanin mallakar gona da ba ta da ranar ƙarewa.

Mece ce sata a gaban alƙali?

Kundin laifuffuka da Arewa ta gada tun 1960, wanda aka fi sani da Final Kod, ya fayyace sata a sashe na 286. Sai an samu dukiyar da ake iya gusarwa daga wuri zuwa wuri, sai an fitar da ita daga hannun mai ita ba da yardarsa ba, sai kuma an yi hakan da mugun nufi. A ɗora wannan ma'auni a kan mai waldan da aka kwaikwayi injinsa. Injin na nan a rumfarsa, zanensa na nan a aljihun teburinsa, ilimin na nan a kansa. Babu abin da ya bar hannunsa. Wadda ta ɗebo wuta a murhun maƙwabciyarta ta kunna nata ba ta rage wutar gidan ba. Masu rubuta kundin sun san iyakar wannan ma'ana, shi ya sa da suka so a hukunta mai jan wutar lantarki ta ɓarauniyar hanya sai da suka ware mata sakin layi na musamman a cikin sashen. Ba su yi wa dabara irin wannan tanadi ba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Katsina ke bi, ya ma fi tsanantawa a sharuɗɗa. Satar da ke jawo haddi ita ce ɗaukar dukiyar wani a ɓoye, daga ma'ajin da ake adana irinta, kuma ta kai nisabi, wato rubu'in dinari ko dirhami 3. Wanda ya sayi inji a kasuwa da kuɗinsa, ya kwance shi, ya auna, ya ƙera irinsa, bai fasa ma'ajin kowa ba. Wannan bai wanke shi ba, domin malamai sun daɗe da bambanta sata da ƙwace da ha'inci da cin amana. Duk haramun ne, amma kowanne da sunansa da hukuncinsa.

Abin da mai ƙirƙira ya rasa shi ne kasuwa: manoman da da wajensa za su zo, yanzu sun tafi rumfar da ta fi araha. Asara ce ta gaske, kuma mai zafi. Sai dai raba mutum da masu sayen kayansa ba laifi ba ne a karan kansa, in ba haka ba da duk gasar ciniki ta haramta. Yana zama abin ƙara ne kawai idan akwai takardar da ta keɓe masa wannan kasuwa.

Abin da dokar 1970 ta bai wa mai takarda

Dokar da ke aiki a Nijeriya ita ce Dokar Ƙirƙira da Zanen Sura ta 1970, wadda ta fara aiki a watan Disamba na 1971, kuma ofishin rajistarta yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Sashe na 6 ya bai wa mai takarda ikon hana wani ƙera abin, ko shigo da shi daga waje, ko sayar da shi, ko amfani da shi, ko tara shi don sayarwa. Sashe na 25 kuma ya faɗi abin da zai yi idan an keta: ya shigar da ƙara da kansa, ya nemi umarnin dakatarwa, ya nemi diyyar asararsa, ko a lissafa ribar da mai kwaikwayon ya ci a miƙa masa. Babu ɗauri a ciki, kuma gwamnati ba ta shigar masa da ƙarar.

Kotun da za a je ma guda ce. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 251, ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya irin wannan shari'a. Kotun majistare ba ta da hurumi, kotun shari'a ba ta da shi, babbar kotun jiha ma haka. Mutumin Kurfi da ke da takarda sai ya ɗauki lauya ya nufi reshen kotun da ke Katsina. Game da 'yan sanda kuwa, dokarsu ta 2020 da dokar gudanar da shari'un laifuffuka ta 2015 duk sun hana a kama mutum a kan rigimar da ba ta wuce tsakanin mutum da mutum ba. Wanda ya sa aka tsare abokin sana'arsa don ya kwaikwayi injinsa, shi ne ya ɗauko wa kansa ƙara.

Kada a ɗauka rashin ɗauri sauƙi ne. A watan Janairu na 2014 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Ibrahim Auta, ta umarci hukumar zaɓe ta INEC da waɗanda aka haɗa ta da su a ƙara su biya kamfanin Bedding Holdings sama da naira biliyan 17, bisa da'awar keta takardun ƙirƙirarsa a kwangilar na'urorin rajistar masu zaɓe. A Amurka, shari'ar da Polaroid ya yi da Kodak a kan kyamarar da ke fitar da hoto nan take ta tilasta wa Kodak barin wannan kasuwa a 1986, ya kuma biya dala miliyan 925 a 1991. Ba a ɗaure kowa ba a duka biyun.

Kwaikwayon da doka ta halatta

Nan ne mutane suka fi jahilta, kuma nan ne ya fi shafar masu sana'ar hannu. Abubuwan da ake iya kwaikwaya ba tare da fargaba ba sun fi waɗanda aka hana yawa ƙwarai.

Duk abin da wa'adinsa ya cika na kowa ne. Injin niƙa mai faifai, keken ɗinki mai feda, famfon tuƙa-tuƙa, garmar shanu, duk tushen dabarunsu ya wuce shekara 20 tuntuni. Haka takardar da mai ita ya daina biya wa kuɗin shekara-shekara, tana faɗuwa bayan rangwamen wata 6. Sannan takardar ƙirƙira ba ta tsallake iyakar ƙasa. Na'urar da aka yi wa rajista a Sin ko Jamus kaɗai ba ta da kariya a Nijeriya. Yarjejeniyar Faris ta 1883, wadda Nijeriya ta shiga a 1963, ta bai wa mai ƙirƙira wata 12 daga ranar da ya fara shigar da takarda a ƙasarsa ya bi sauran ƙasashen da yake so. Idan bai biyo ta nan ba, mai walda a Dutsin-Ma yana iya ƙera irinta ya sayar a Charanchi ko Kankiya ba tare da ya taɓa haƙƙin kowa ba, muddin bai liƙa sunan kamfanin a jiki ba.

Dokar ta kuma taƙaita ikon mai takarda ga abin da aka yi don masana'anta ko ciniki. Ɗalibin da ya kwance na'ura don ya fahimci yadda take aiki, ko manomin da ya haɗa wa kansa guda ba don kasuwa ba, ba su shiga ciki ba. Kayan da aka sayar bisa ƙa'ida a cikin ƙasa, wanda ya saya yana da ikon amfani da su da sake sayarwa. Wanda kuma yake ƙera abin da kyakkyawar niyya tun kafin wani ya je ya shigar da takarda, doka ta bar shi ya ci gaba da sana'arsa.

Akwai ma abin da ba a yi wa rajista sam. Ƙa'idar kimiyya ba ta zama mallakar kowa. Sanin cewa ruwa na sanyaya abu idan yana tsanewa cikin iska, wanda shi ne sirrin randa da tulu, ba na wani ba ne. A kansa marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke ajiye tumatir da yalo su yi makonni maimakon kwanaki, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ya raba dubban tukwane a ƙauyuka, kuma yaɗuwar abin ta dogara ne ga magina su gani su yi irinsa. Irin shuka da jinsin dabba ma dokar 1970 ta cire su, sai a 2021 aka yi wa sababbin nau'o'in iri dokarsu daban.

Ko takardar da ke raye ma ana iya ratsa ta da izinin kotu. Idan shekara 4 ta wuce daga shigar da takarda, ko 3 daga bayar da ita, mai ita bai ƙera abin a cikin ƙasa ba ko bai wadatar da kasuwa ba, wani na iya neman lasisin dole, wato izinin ƙerawa ko mai takardar bai so ba, a yanka masa ladan da za a riƙa biyansa. Gwamnati ma tana da irin wannan dama don maslahar jama'a.

Dalilin da ya sa ba a mai da shi laifin ɗauri ba

Babban dalili yana cikin sashe na 4 na dokar. Magatakardan ofishin rajista na Nijeriya ba ya binciken ko abin da aka kawo masa sabo ne da gaske. Yana duba cikar takardu da biyan kuɗi ne kawai, sannan ya bayar, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa ana bayarwa ne ba tare da lamunin inganci ba. Wato mutum na iya riƙe takarda mai hatimi a kan abin da ake ƙerawa a Indiya tun kafin a haife shi, kuma ba za a gane ba sai ranar da aka je kotu wani ya nemi a soke ta. Da a ce riƙe irin wannan takarda ya isa a kulle mutum, da duk mai kuɗin rajista ya samu sandar dukan abokan gasarsa.

Sannan iyakar haƙƙin ba ta fito fili kamar iyakar gona ba. Tana cikin 'yan layukan da'awa da ke ƙarshen takardar, kuma ƙwararrun lauyoyi da injiniyoyi sukan yi shekaru suna jayayya a kan ko wata na'ura ta faɗa ciki. Ƙari a kan haka, ana iya keta haƙƙin ba tare da an kwaikwayi kowa ba. Mutum biyu na iya cin karo da dabara ɗaya kowa a rumfarsa, wanda ya riga shigar da takarda ya samu ikon hana ɗayan. Alexander Graham Bell da Elisha Gray sun kai takardunsu na wayar tarho ofishi ɗaya a rana ɗaya, 14 ga Fabrairu 1876. Da wuya hankali ya karɓi a kira mutum ɓarawon abin da ya gano da ƙwaƙwalwarsa.

Ƙasashen duniya ba su haɗu a kan wannan ba. Amurka da Ingila suna kan tsarin diyya kamar mu. Jamus ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3, ko 5 idan sana'a aka mai da abin, Japan kuma har shekara 10. Ba sai an je nesa ba ma: da an wuce Jibiya an shiga ƙasar Maraɗi hukunci ya sauya. Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17 da hedikwata a Yawunde, kuma Yarjejeniyar Bangui ta 1977 da ke tafiyar da ita ta mai da keta takardar ƙirƙira da gangan laifin da ake cin tara a kai, har da ɗauri a wasu halaye. Amma ko a can laifi ne mai sunansa daban, ba a shigar da shi babin sata ba. Yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995, ta wajabta hukuncin laifi a kan jabun tambari da gurza littattafai da finafinai don kasuwa, ta bar wa kowace ƙasa zaɓi a kan takardar ƙirƙira.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu cewa sata ce suna magana ne da harshen adalci, kuma hujjarsu tana da nauyi. Wanda ya fara ƙera abu shi ya sha asarar gwaji, na bayansa ya zo ya tarar da hanya a share. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan haka za ta riƙa faruwa, kowa zai ɓoye abin da ya sani, ya mutu da shi, kamar yadda magunguna da dabarun rini da jima da yawa suka bi masu su kabari. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya a al'adar wannan zamani, shari'a ta kare su, bai halatta a keta su ba. Wasu malamai sun saɓa, irin su Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, bisa hujjar cewa wanda ya sayi abu ya mallake shi, kuma ba a hana mutum sarrafa mallakarsa. Ko waɗanda suka haramta ɗin ma ba su ce a yi haddi ba.

Ɗaya ɓangaren yana nuna tarihi. Samuel Slater ya bar Ingila a 1789 da tsarin injunan kaɗa auduga a kansa, ya kafa su a Amurka. Can ana girmama shi a matsayin uban masana'antu, a garinsu kuwa maci amana ake ce masa. Holan ta soke dokar ƙirƙira gaba ɗaya daga 1869 zuwa 1912. Indiya ta hana rajistar ƙwayar magani da dokarta ta 1970 har zuwa 2005, kuma a wannan tsakani ta gina kamfanonin da yau ake samun kayansu a kantunan magani na Katsina. Lokacin da maganin rage kaifin cutar ƙanjamau ke cin sama da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin bayar da kwaikwayonsa a dala 350 a watan Fabrairu na 2001. Kamfanonin magani 39 da suka maka gwamnatin Afirka ta Kudu a kotu kan dokar sauƙaƙa magani sun janye a watan Afrilu na shekarar, a Nuwamba kuma sanarwar Doha ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tabbatar wa ƙasashe ikon fifita lafiyar jama'arsu. Duk wanda ya ga mai jinya ya tashi saboda maganin da ya iya saya zai yi nauyin baki wajen kiran wannan sata.

Akwai kuma inda zargin ke juyawa. Itacen bedi, da wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, an bai wa kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takarda a Turai a 1994 a kan amfani da mansa wajen kashe cutar shuka. Manoman Indiya da masu goya musu baya suka nuna cewa an daɗe ana yin haka, aka soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. A gida kuma akwai misalin da ya bi hanya mafi kyau tun farko: maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja ta haɗa daga ilimin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, da masoro da kanumfari da ganyen dawa a cikin haɗin. An yi yarjejeniya da shi, sunansa ya shiga takardar da Amurka ta bayar a 1998. Kamfanin Xechem da aka bai wa lasisi a 2002 ya durƙushe a 2008, maganin ya yi wuyar samu. Takarda ta kare haƙƙi, amma ba ta isa ta kai magani hannun majinyaci ba.

A ganina matsayar dokarmu, ta barin abin a matakin diyya da dakatarwa, ita ta dace da ƙasar da har yanzu take koyon ƙira. Wannan bai rage wa wanda ya ci gumin ɗan'uwansa da gangan laifinsa a gaban Allah da mutane ba.

Inda sata ta gaskiya ke shigowa

Wanda ya fasa rumfa ya ɗauke samfurin inji ko littafin zane ɓarawo ne kai tsaye, domin ya ɗauki abin da ake taɓawa. Yaron shago ko abokin aikin da aka damƙa wa kaya ya karkatar da su ya faɗa babin cin amana. Wanda ya sayar da kwaikwayo da sunan na asali ya yi zamba, in magani ne kuma dokar jabun magunguna da hukumar NAFDAC na jiransa. Wanda ya kwashi dabarar wani ba da izini ba ya ruga Abuja ya yi rajista da sunansa, sashe na 2 na dokar 1970 ya ce haƙƙin takardar yana komawa ga mai abin na asali, idan ya iya kafa hujja.

Abin da wannan ke nufi ga mai ƙirƙira a Kurfi

Haɗarin da ya fi kusa da shi ya fi fitowa daga hannunsa. Doka na neman abu ya zama sabo a ranar shigar da takarda, wato ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina a duniya, a rubuce ko da baki ko ta amfani da shi. Matashin da ya ɗora bidiyon injinsa a Facebook ko TikTok yana bayanin yadda yake aiki, ko ya kai shi kasuwa ya sayar da guda, ya kashe sabuntar da kansa. Rangwamen da dokar ta yi na wata 6 ne kawai, kuma ga baje-kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Wannan ya shafi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, waɗanda ake sa su baje ayyukan kammala karatu a bainar jama'a. Takarda ake fara shigarwa, sannan a nuna. Hukumar NOTAP, wadda ta samo asali a 1979, tana taimaka wa masu ƙirƙira na gida wajen tsara takardu da kai su ofishin rajista. Wanda ya ƙirƙiri abu a bakin aikin da aka ɗauke shi kuwa ya sani cewa haƙƙin na wanda ya ɗauke shi aiki ne, sai dai a wasu halaye a ba shi lada.

Ga mafi yawan masu walda, rajista da kuɗin shekara-shekara da lauya a Babbar Kotun Tarayya sun fi ƙarfin ribar inji goma. Abin da ya fi musu sauƙi shi ne tambari: suna da alama a jikin kowane inji, a yi musu rajista, domin manomi ya san na wane ne ke ɗaukar kaka biyar bai tsaya ba. Sai kuma rubutacciyar yarjejeniya da yaran shago, da ajiye zane mai kwanan wata da shaidu.

Akwai giɓin da sai majalisa za ta cike. Irin gyaran da ake yi a rumfunan nan, sauya rariya ko kusurwar wuƙa, sau da yawa bai kai matsayin ƙirƙirar da dokar 1970 ke nema ba. Ƙasashen OAPI suna da ƙaramar takarda ta shekara 10 mai sauƙin sharuɗɗa don irin wannan gyara, Jamus da Sin da Kenya ma suna da makamanciyarta. Mai walda a Maraɗi yana da wannan ƙofa, na Kurfi ba shi da ita. An sha gabatar da ƙudurin sabunta dokokin mallakar fasaha a Majalisar Tarayya, kuma duk gyaran da za a yi ya kamata ya fara da abu biyu: wannan ƙaramar takarda, da ɗaukar masu bincike a ofishin rajista da za su tantance sabuntar abu kafin a buga masa hatimi.